Wace kalma za mu ba "otoimiyun" a Hausa?

1. Salamu alaikum jama'a. Kalma ɗaya nake nema, ku taya ni. Ɗiyar yayata, 'yar shekara shida, a nan Anguwan Rogo cikin Jos, ta yi wata uku tana tashi da gwiwa a kumbure, ƙafa a sandare, sai hantsi ya dubi ludayi sannan ta ware. Kowa ya ce sanyin Jos ne, a ƙara mata bargo. Sanyi ya wuce, kumburi bai wuce ba. Da aka yi gwaje-gwaje likita ya ce ciwon "otoimiyun" ne. Ni aka ce in yi wa Yaya bayani, na rasa ta inda zan fara.

2. Ga abin da kalmar ke nufi. Garkuwar jiki aikinta ta gane baƙo ta yaƙe shi. A wannan ciwo sai ta kasa bambance ɗan gida da baƙo, ta far wa jikin da take karewa. In ta far wa gaɓoɓi kafin yaro ya kai shekara 16, kumburin ya kai mako shida, ba a ga wani dalili ba, shi ne amosanin gaɓɓai na yara. In ta cinye ƙwayoyin jiki da ke yin insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, ga ciwon suga na yara. Wani irinsa kuwa mai suna lufus, fata da ƙoda da gaɓoɓi duk yana taɓawa. Kalmar da muke nema sai ta ɗauke su duka.

3. Na fara cewa "ciwon garkuwar jiki". Nan take fuskar Yaya ta canza. Kunnen Bahaushe ya saba da "cuta mai karya garkuwar jiki", kuma mun san me ake nufi da ita. Na ɗauki lokaci ina rantse mata ba ƙanjamau ba ne. Don Allah mu guji wannan. Uwa ta koma gida da irin wannan zato, ta ɓoye yarinya, ta daina zuwa asibiti, wa gari ya waya?

"Ciwon sanyi" ma ya fita, ya riga ya yi suna a wani wurin. "Amosani" shi kaɗai sai a ɗauka sikila ce.

4. Wani malamin Hausa ya ba ni "tawayen garkuwa". Ta yi daɗin faɗa, amma tawaye da niyya ake yinsa, ita kuwa wannan ruɗewa ta yi. Wata malamar jinya ta ce "garkuwa mai cin gida". Ta burge ni, sai dai "ci" a bakin mutanenmu kan jawo zancen mayu, ga shi dama ana zargin sammu.

5. Ni dai na tsaya a kan "juyewar garkuwa". Reshe ne ya juye da mujiya. Garkuwar ba ta karye ba, ba ta yi rauni ba, juyowa ta yi. Abin da ya fi ja na gare ta shi ne tana bayyana magani da kanta. Dangi sun yi ta kawo jiƙe-jiƙen "ƙara garkuwa", alhali maganin da aka ɗora yarinyar a kai, metotireksat, sassauta garkuwar yake yi, kuma sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba. Da na ce, "Yaya, garkuwarta ce ta juye, maganin lallashinta yake ta kwanta," sai ta ce, "To yanzu na gane. Shi ya sa suka ce a duba idonta ko da bai yi ja ba?" Na ce ƙwarai, juyewar kan shiga ido a ɓoye.

6. Mutanen Kano, Sakkwato da Damagaram, yaya ta zauna a kunnenku? Likitocin yara da ke nan, ku gwada ta a kan iyaye biyu ko uku a wannan makon, ku dawo mana da abin da suka fahimta.