Haɗarin ƙananan jirage a duwatsun Obudu: wa yake can a lokacin?

Mai Goro: Assalamu alaikum jama'a. Cikin ƙasa da shekara biyu tsaunukan da ke kewaye da Obudu, a jihar Kuros Riba, suka ci jirage biyu. Na farko Dornier 228 ne na sojan sama, ranar 17 ga Satumba 2006. Ya taso daga Abuja da manyan hafsoshin soja za su taro a Obudu, ya daki tsauni a jihar Binuwai; mutum 18 ne a ciki, 13 suka rasu. Na biyu Beechcraft 1900D ne na kamfanin Wings, ya bar Legas ranar 15 ga Maris 2008 da ma'aikata uku, ya yi ɓatan dabo. Wanda yake yankin ya ba mu abin da idonsa ya gani, ban da an ce ka ce.

Tsohon Kofur: Wa alaikumus salam. Na 2006 ina cikin waɗanda aka tura. Damina ce. Motarmu a ƙauyen ƙarshe ta tsaya, daga nan sai ƙafa, ga taɓo ga santsi, ciyawa ta fi tsayin mutum. Ka taka nan ka zame can, sai ka kama saiwa da hannu ka ja jikinka. Manoman Tibi ne suka shige mana gaba da adduna suna sare hanya, kuma su ne suka riga kowa isa wurin tun kafin mu zo. Hawa duk wasa ne in aka gwada da saukowa da mai rauni. Mutum huɗu a kan gadon ɗaukar mara lafiya, na gaba su ɗaga nasu gefen har kafaɗa, na baya su duƙa, don kada ya sulale. In ɗaya ya yi tuntuɓe sai ka ji nishin mutumin har cikin ranka. Har yau kafaɗata ta dama tana tuna mini in sanyi ya shigo. Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi.

Maman Sadiya: Amin, Baba. Ni na 2008 na sani, lokacin maigidana yana da shago a garin Obudu. Jirage masu saukar ungulu suka yi ta shawagi, suka gaji suka daina. Sai surutu ya cika kasuwa: wasu su ce sace shi aka yi, wasu su ce ya tsallaka Kamaru. Sai ƙarshen watan Agusta mafarauta suka ci karo da tarkacensa a dajin Obanliku, kusa da Obudu. Wata biyar da ɗoriya! Iyalan mutanen nan ne suke ba ni tausayi, babu gawa ballantana a yi zaman makoki.

Direban Gembu: Hajiya, wanda bai zauna kan dutse ba ba zai yarda ba. Ni hanyar Mambila nake bi. Gari tangararas, kana hango shanu can nesa, kafin ka sha shayi kofi ɗaya gajimare ya sauko ya lulluɓe komai, ko bakin bonet ba ka gani. Mu dai ma ci burki mu jira. Na sama fa?

Injiniya: Maganar ke nan, Malam. Na yi aikin gyaran ƙananan jirage. Sau da yawa a irin wannan haɗari lafiyar jirgi ƙalau, inji na aiki har lokacin da ya daki dutse. Matuƙi ne yake rage tsawo yana neman ya hango fili da ido, alhali tsauni na ɓoye cikin gajimare a gabansa. Shi ya sa kowane yanki yake da iyakar tsawon da ba a sauka ƙasa da shi sai an ga ƙasa sarai. Tudun Obudu ya haura mita 1,500, filin saukar jirage na Bebi kuwa yana can gindinsa.

Mai Goro: To Injiniya, ya aka yi masu nema ta sama suka kasa ganinsa?

Injiniya: Alhaji, kurmi ne fa. Ƙaramin jirgi in ya faɗa kwari, rassa sai su rufe bayansa, damina ɗaya ciyawa ta gama binne sauran. Akwai na'urar da ke aika sigina in jirgi ya faɗi, amma in eriyarta ta karye ko batir ya mutu, shiru kake ji.

Tsohon Kofur: Mu ma da ba don manoman nan ba, da mun kwana muna kewaya dutsen da ba shi ba.