Wace mujallar jita ce ta cancanci a biya mata kuɗin shekara? Ina Jos

Ɗan Gangare ya rubuta:

Salamu alaikum jama'a, ya sanyi. Don Allah masu kaɗa jita a nan shawara nake nema. Shekara biyu kenan da na fara koyo, wata tsohuwar Yamaha ce ta katako na saya na hannu a Bukuru, kuma duk ɗan abin da na iya a YouTube na tsinta, to matsalar ita ce na zama kamar akuyar da aka saki a kasuwa, yau in ga wannan bidiyon in fara, gobe in ga wani in watsar da na jiya, data na ta ƙarewa hannu bai ci gaba ba. Kod (wato haɗin muryoyin da ake dannawa a kaɗa tare) bakwai ko takwas nake ta juyawa tun bara, har ƙanwata ta haddace su tana bina da baki.

Yanzu yayana da ke Ingila ya ce zai biya min mujalla ɗaya ta shekara guda kyauta, in zaɓa in faɗa masa kafin wata ya mutu. Na duba na ga Guitar World, Guitarist, Premier Guitar, Acoustic Guitar, Guitar Player, kaina ya ɗaure wallahi duk bangonsu iri ɗaya ne, bature riƙe da jita yana hararar mutum. Ni abin da nake so shi ne irin kiɗan su Bombino na Nijar da Ali Farka Touré na Mali, sannan in iya raka waƙar Hausa in ana zaune. Wacce za ta amfane ni? Kuma ta takarda zan ce ko ta waya? In ta takarda ce tana isowa Jos kuwa?

Baba na Tudun Wada ya rubuta:

Yaro sannu da ƙoƙari. Ni tun wajajen 1985 nake kaɗa jita a coci, yanzu yatsu sun fara gardama amma har yanzu ina taɓawa ranar Lahadi.

Da farko cire Guitar Player daga lissafinka in takarda kake so. Tun 1967 suke bugawa a Amurka, ita ce uwar su duka, amma a ƙarshen 2024 suka daina buga ta a takarda, sai shafinsu na intanet ya rage. Total Guitar ta Ingila ma a shekarar aka rufe ta. Da na ji labarin sai da na yi shiru na ɗan lokaci, domin Guitar Player ce ta raine mu. A zamaninmu ba wanda ke biyan kuɗin shekara, wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa ta gefen Terminus muke tsugunawa mu tona, wani lokaci ka samu wadda ta shekara uku da fitowa, bango ya yage, wani ya yi lissafin kuɗin cefane a bayanta, haka za ka saya kana murna. Akwai lokacin da suke saka wani faifai siriri na roba a tsakiya, ka yage shi ka ɗora a garmaho ka ji darasin da kunnenka. Sau ɗaya tak na taɓa samun wadda faifan ke ciki, sai da muka ɗora kwabo a kansa kafin ya daina zamewa. Mu biyar muka yi ta karɓa-karɓa da mujallar nan har ta zama kamar tsumma.

Tunda jitarka ta katako ce ni Acoustic Guitar zan ce maka. Tun 1990 take fitowa daga Kalifoniya, sau shida a shekara, kuma kar ka raina shidan nan, darasi ɗaya na kaɗawa da yatsu in ka riƙe shi da gaske zai cinye maka wata biyu. Ba su da hayaniya, suna koyar da yadda babban yatsa zai riƙe ƙasa sauran yatsu su yi waƙa a sama, wanda shi ne ƙofar abin da kake nema.

Sadiq Studiyo ya rubuta:

Baba ina gaisuwa, a gafarce ni zan ɗan saɓa. Ɗan Gangare ya ce Bombino, shi kuwa Bombino jitar lantarki aka fi saninsa da ita, yau ko gobe yaron nan sai ya koma lantarki, ku rubuta ku ajiye. Ni Guitar World zan zaɓa masa. Tun 1980 take, kusan kowane wata take fitowa, kuma abin da ya sa ta fi min shi ne kowace fitowa akwai cikakkun waƙoƙi da aka rubuta da tab daga farko har ƙarshe, ba irin na intanet da wani yaro ya rubuta da ka ya bar rabi ba.

Abokina in ba ka san tab ba ga shi a taƙaice, layi shida ne a kwance, kowane layi tsirkiya ɗaya, na can ƙasa shi ne tsirkiya mai kauri, lambar da aka rubuta a kan layi ita ce gidan da za ka danna, sifili kuma ka kaɗa ta a sake. Shi ke nan fa. Mu nan Jos yawanci da do re mi muka tashi, yana da kyau ga kunne amma ba ya faɗa maka inda za ka sa yatsa, tab kuwa yana faɗa.

Gaskiya ɗaya dai, rok da metal sun yi mata yawa, in ba ka son ƙarar nan kamar injin markaɗe rabin mujallar zai wuce ka. Amma akwai darussan kiɗan blues, kuma sukan yi hira da irin su Mdou Moctar, makaɗin jita na Nijar, jefi-jefi.

Guitarist da Premier Guitar kuwa ka bar su tukuna, ba don ba su da kyau ba, kyan ne ma matsalar. Guitarist ta Ingila ce tun 1984, aikinta gwada sababbin kaya, Premier Guitar ma kaya ne, fedal ɗin da ake takawa ya canza sautin jita, amfilifaya, waye ke amfani da me. Mutumin da ke Jos da Yamaha ta hannu ya zauna yana karanta shafi shida a kan jitar da kuɗinta zai sayi fili a Rayfield, me zai samu ban da ciwon zuciya? Ni na yi wannan cutar, na shekara ina kallon fedal ina haɗiyar yawu, hannuna bai ƙaru da komai ba. In kana son kallon kaya, shirin Rig Rundown na Premier Guitar yana YouTube kyauta, ka kalla ka wanke ido ka koma kan aikinka. Akwai ma wata Vintage Guitar ta masu tara tsofaffin jitoci, wannan ta alhazan Amurka ce.

Maman Zara ta rubuta:

Ni fa duk ban yarda da ku ba, ku yi haƙuri Baba. Ina koyar da kiɗa a wata makarantar firamare a nan Jos kuma na ga irin Ɗan Gangare da yawa. Ƙanena matsalarka ba rashin abin karantawa ba ce, kai da bakinka ka ce bidiyo sun yi maka yawa, to in aka ƙara maka mujalla mai shafi ɗari duk wata ai an ƙara wa Barno dawaki ne.

Kuma kiɗan da kake so ba a mujalla aka koye shi ba. Mdou Moctar ɗan jihar Tahoua ne a Nijar, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa da katako da wayar birkin keke, bahago ne ma, waƙoƙinsa kuma ta katin memori da bulutut suka yaɗu daga waya zuwa waya kafin Turawa su san da shi. Ali Farka Touré da kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya ya fara a Mali kafin ya taɓa jita, shi ya sa in ka saurara da kyau za ka ji jitar tasa tana magana kamar molo. Mu nan garin ma wa ya kai marigayi Ɗan Maraya Jos, kuntigi ne fa, tsirkiya ɗaya a kan gwangwanin kifi da aka rufe da fata, da shi ya zaga duniya har Allah ya ɗauki ransa a 2015. Kai kana da shida kana kuka.

Abin da ke ciki shi ne yawancin kiɗan nan a kan murya biyar yake tafiya, ba bakwai ba, la do re mi so, ka koma la. Kod ba ya yawan canzawa, wani lokaci waƙa guda a kan kod ɗaya za ta ƙare, babban yatsa yana ta bugun tsirkiya ɗaya a ƙasa kamar mai daka, manuni yana yawo a sama yana ɗan jan murya yana sakewa. Kod takwas ɗin da kake raina sun ma yi maka yawa. Abin da ba ka da shi shi ne hannun dama, kuma wannan sai ka zauna kusa da mai gurmi ko mai garaya ka kalli yadda wuyan hannunsa ke faɗuwa. Akwai su a garin nan, ka bi gidan biki ka gaishe su da ladabi ka saya musu shayi.

In dole sai yayanka ya biya mujalla, ni Songlines zan ce. Ta Ingila ce, tun 1999, ba ta koyar da jita ko kaɗan, amma ita ce ke rubutu a kan mawaƙan Mali da Nijar da Senegal da Kongo da gaske, za ka san wa za ka nema ka saurara. In kuwa zai yarda a canza kyautar, ka ce ya aiko maka tsirkiya saiti huɗu masu laushi, da kafo, wato ɗan matsin da ake ɗaurawa a wuyan jita, da ɗan abin saita murya da ake maƙalawa a kan jita. Na tabbata wayoyin da ke kan Yamahar nan tun na mai ita na farko ne.

Injiniya Farin Gada ya rubuta:

Ni ba zan shiga faɗan wacce ta fi ba, maganar isowa zan yi tunda na ɗanɗana. Na taɓa biyan ta takarda shekara guda da adireshina na nan Jos. Ta farko ta zo bayan wata biyu, na yi murna har na ɗauke ta hoto. Ta biyu da ta uku tare suka zo, ɗaya ta sha ruwa shafukan sun manne sai da na bi da reza a hankali. Daga nan shiru, sai wata ɗaya ta faɗo daga sama wajen ƙarshen shekara. Huɗu kenan. Har yau ban san a ƙasar da sauran suka maƙale ba, ban kuma zargi kowa ba, na dai ɗauki darasi.

Don haka in takarda kake so, a sa adireshin yayanka na can, kuɗin ma ya fi sauƙi in ba za a tsallaka da ita teku ba, musamman in ta Ingila ce, ya tara maka in mai zuwa gida ya samu ya ba shi. Darasin jita ba labarin siyasa ba ne da zai tsufa.

In ta waya ce akwai manhajoji irin Zinio da Pocketmags, kuma abin da mutane ba su lura da shi ba, suna sayar da fitowa ɗaya-ɗaya. Ka ce ya saya maka Guitar World ɗaya da Acoustic Guitar ɗaya, ka zauna da su sati biyu, wadda ka ga kana komawa kanta da jita a cinya ita ce taka. Sai dai tab a fuskar waya azaba ce, kana jawo shi da yatsa biyu hannu kuma yana kan tsirkiya, in kana da kwamfuta ko tablet ya fi. Sannan ka tuna masa ya kashe sabuntawa ta kai tsaye, in ba haka ba baɗi za su zare kuɗi ba sallama. Ka gode wa Allah ma shi zai biya, dalar da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, tun lokacin ban sake waiwayar mujallar waje ba.

Wani abu daban, tunda sanyi ya shigo. Iskar hunturun Jos tana busar da katako, jita tana son danshi wajen kashi 45 zuwa 55, mu kuwa yanzu leɓe ma tsagewa yake. Tawa ta tsage daga gindin gadar da ke riƙe tsirkiya har ƙasa a watan Janairu, a jingine a bango na bar ta. Ka riƙa mayar da ita jaka, ka jiƙa ɗan soso ka matse shi sosai ka sa a robar sabulu mai huji ka ajiye a ciki.

Ɗan Gangare ya rubuta:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka. Anti Maman Zara kin kama ni, wallahi ban taɓa canza wayoyin nan ba, ta ukun har ta yi baƙi tana yankar yatsa, na ɗauka haka jita take. Na tura wa yaya saƙo ya sayo fitowa ɗaya-ɗaya kamar yadda Injiniya ya ce, na kuma roƙi tsirkiya da kafo, ya turo min dariya ya ce kyauta ɗaya ya yi alkawari ba lefe ba, amma na san shi zai saya. Soso kuma yanzu na yanko na wanke-wanke, Allah ya sa Hajiya ba ta gani ba.

Baba in ba damuwa, cikin tsofaffin Guitar Player ɗin nan akwai wadda ta rage? Ko hoto ne in ɗauka.

Baba na Tudun Wada ya rubuta:

Akwai guda tara a cikin akwatin ƙarfe, gara ta ci biyu. Ba na ba da aro, na yi rantsuwa tun 1998 da wani mai kaɗa jitar bes ya tafi da uku Kaduna. Amma ka zo ranar Asabar da yamma ka karanta a nan, ka taho da jitar in ga wuyanta ko ya lanƙwashe. Ka turo min saƙo ta ciki in kwatanta maka gidan.