Neman kalmar Hausa: me za mu kira "noun clause" a takardar 'yan SS3?

Malamar Turanci, Taura:
Salamu alaikum malamai. Ranar Asabar zan raba wa 'yan SS3 takardar bita a kan tambayar nan ta WAEC da NECO, wadda ake tsamo wani yanki daga cikin labari a ce yaro ya faɗi sunansa na nahawu da kuma aikinsa. Bayanin da Hausa nake yi, misalan da Turanci. Ina da yankin suna (noun phrase), ina da aikau (subject) da karɓau (object). Noun clause ce ta tsaya mini. Gobe da safe za a kai Ringim a buga, don haka yau nake so.

Malamin Hausa, Kafin Hausa:
Wa alaikumus salam Malama. Clause dai ganga ce, haka muke koyar da ita a ajin Hausa: tsayayyar ganga, mai tsayawa ita kaɗai, da ganga dogarau, mai jingina da wata. Ki sa gangar suna, ta biyo sahun yankin suna. 'Yan'uwanta biyu su zama gangar sifa da gangar bayanau, duka ukun a ƙarƙashin ganga dogarau.

Ɗalibin kwaleji, Gumel:
Malam, ba jimlar suna ta fi sauƙi ba? Kowane yaro ya san jimla.

Malamin Larabci, Gwaram:
A'a ɗana, kada a taɓa wannan. Yaron da ya yi Ajurrumiyya, littafin nahawun Larabci, a zaure ko a Islamiyya, da ya ji jimlar suna hankalinsa zai tafi kan jumla ismiyya, wato mubtada'i da habari, irin "Zaidun ƙa'imun". Waccan cikakkiyar magana ce mai zaman kanta. Wadda Malama ke nema kuwa ba ta tsayawa ita kaɗai, gurbin suna take cikewa a cikin wata jimlar. Abin da ya yi kusa da ita a Larabci shi ne masdarin da ake tawili, kamar a aya ta 184 ta Baƙara, "wa an tasumu khairun lakum". Malaman nahawu suna cewa "an tasumu", wato "ku yi azumi", tana mahallin mubtada'i, wato sunan da ke buɗe jimla, tawilinta "siyamukum", wato "azuminku". Aikatau ne a ciki, amma zaman suna take yi. In aka ce jimlar suna, rabin aji zai ɗauko abin da ba shi ba.

Malam mai duba jarrabawa, Dambatta:
Kafin a yanke suna, Malama, ga abin da sunan zai ɗauka, domin a rabi na biyu na tambayar yara suka fi zubar da maki.

Tana zama aikau: What the village head said pleased the farmers. Amsa: subject of the verb "pleased".
Tana zama karɓau: The farmers know that the rain will come early. Amsa: object of the verb "know". Wannan ta fi fitowa.
Tana zama cikamako bayan is, was, seems: The problem is that fertilizer is expensive.
Tana zuwa bayan ƙananan kalmomi irin su about, on, in: We talked about how the flood destroyed the rice. Nan ba aikatau ya karɓe ta ba, "about" ce.
Tana kuma zama a bayan suna ta fassara shi: The news that the river had overflowed reached Auyo at night.

Ki matsa musu su riƙa ambaton kalmar da gangar ke yi wa aiki. Yaro ya rubuta "object" kawai ya tafi, bai gama amsa ba. Ban da misalin ƙarshe, gwajin da za ki ba su ɗaya ne: a cire yankin gaba ɗaya, a sa "it" ko "something" a gurbinsa. The farmers know it. We talked about it. In jimlar ta zauna daram, gurbin suna ne. Sai kuma a leƙa ciki: in akwai aikau da aikatau mai nuna lokaci, ganga ce, in babu, yankin suna ne kawai.

Tsohon hedimasta, Babura:
Ni ban yarda da gangar suna ba. Yankin suna an kira shi haka ne saboda suna ne kansa: "dogon yaron nan", kansa "yaro". To ina sunan da ke shugabantar "that the rain will come early"? Babu. Kun ɗauko ƙirar Turanci kun ɗora mata Hausa. Mu muna da namu awon: aikatau, bayanau, nunau, dogarau, karɓau. A kan wannan awon na ƙera SUNAU. Ganga sunau, wato gangar da ta sunanta. Gajere ne, ba ya karo da komai, kuma Hausa ce tsantsa.

Malamin Hausa, Kafin Hausa:
Ranka ya daɗe, maganarka ta farko tana da nauyi. Kalmar "suna" a cikin "gangar suna" aiki take nunawa, ba abin da ke ciki ba, saɓanin yankin suna. Amma sunau ba ta hau awon da ka kawo ba. Aikatau daga aikata, karɓau daga karɓa, nunau daga nuna, dogarau daga dogara. Daga aikatau ake ƙera su. Sunau kuwa daga suna ka tsago ta kai tsaye. In za a bi awon sosai sunantau za a ce, ita kuma kunne zai ji ta a matsayin abin da ke mayar da wani abu suna.

Tsohon hedimasta, Babura:
Bayanau fa? Daga bayani take, kuma an karɓe ta. Waɗanda suka ƙera ta mutane ne kamarmu. Don dai su a jami'a suka zauna, mu a ƙauye, shi ke nan tasu ta zama doka, tamu ta zama shirme? Ita kanta gangar, ka faɗa wa yaron da ya taso a Babura ganga, abin da makaɗi ke ratayawa zai gani.

Ɗalibin kwaleji, Gumel:
Baba, ai jimla ma a kasuwa kuɗin da aka tara ne, amma ba wanda ya ruɗe a aji.

Tsohon hedimasta, Babura:
Jimla Larabci ce, nahawu Larabci ne, harafi Larabci ne. Rabin kayan aikinku na aro ne, sannan in mutum ya ƙera na gida ku ce bai hau awo ba.

Malamin Larabci, Gwaram:
Alhaji, a yi hattara da wannan. Kalmar da ta shekara ɗaruruwa a bakin Bahaushe ta zama tasa. Littafi, alƙalami, darasi, duk daga can suke, ba wanda ke jin su baƙi. Kuma malaman zaure sun riga makarantar boko karantar da nahawu da Hausa a ƙasar nan. In ana maganar wanda aka tsallake wajen ƙera kalmomi, su ne a gaba.

Malamin Hausa, Kafin Hausa:
Allah ya gafarta Malam, ba wanda ya raina ƙauye ko zaure. Damuwata ita ce yaron nan ɗaya ne. Da safe ya shiga ajina ya ji ganga dogarau, da rana ya shiga ajin Malama ya ji wata kalma da ba ta cikin littafin Hausarsa. Shi zai ɗauki nauyin saɓaninmu.

Malamar Turanci, Taura:
Iyayena, don Allah a dawo. Lokaci na tafiya. Ga inda yarana ke faɗuwa kullum: misalin Auyo na Malam. Duk inda suka ga suna sannan "that", sai su rubuta adjectival clause, wato gangar sifa. Wane suna ne zai taimaka su rarrabe?

Malamin Hausa, Kafin Hausa:
Suna ba zai raba musu ba, Malama, amma Hausarsu za ta raba. Turanci "that" ɗaya yake da ita ga ayyukan biyu, Hausa kuwa kalma biyu. Ki jera musu waɗannan:

The news that the drivers brought was true. Labarin DA direbobi SUKA kawo gaskiya ne.
The news that the drivers had arrived was true. Labarin CEWA direbobi SUN iso gaskiya ne.

In fassarar ta ba da "da", kuma "sun" ya koma "suka", gangar sifa ce. In ta ba da "cewa", kuma "sun" ya zauna yadda yake, gangar suna ce. Ba Bahaushen da zai ce "labarin da sun kawo" a daidaitacciyar Hausa. Yaro ya riga ya san bambancin a bakinsa, nuna masa kawai za ki yi.

Malam mai duba jarrabawa, Dambatta:
Wannan ya yi, kuma yana da abokin gwaji a Turancin: a musanya "that" da "which". The news which the drivers brought ya zauna. The news which the drivers had arrived bai zauna ba. Dalili, a ta farko "that" ita ce karɓau ta "brought", a ta biyu kuwa gangar cike take, "that" ƙofa ce kawai.

Amma ki kiyaye wuri guda inda fassarar za ta yaudare su. What he said a Hausa "abin da ya faɗa" ne, where he lives "inda yake zaune", whoever comes "duk wanda ya zo". Duka da "da" a ciki, don Hausa sai ta kafa suna, abu ko wuri, sannan ta rataya masa ganga. Yaro zai ga "da" ya ce sifa ce. A Turanci kuwa babu wani suna a gaban "what", ita da gangarta suka cike gurbin, don haka noun clause ce. Gwajin "da" da "cewa" na "that" ne kaɗai, in suna ya gabace ta. Ga what, how, why, whoever, a koma gwajin "it".

Abu biyu kuma na rubutun insha'i. Tambaya in ta shiga cikin jimla tana sauke tsarinta: I don't know where he lives, ba where does he live ba. Sannan "ko" tamu tana fassara if da whether duka, amma a farkon jimla ko bayan about da on, whether kaɗai ke shiga: Whether he will come is uncertain.

Tsohon hedimasta, Babura:
To kun ga. Duk wannan bayanin zaman suna ne, ba mallakar suna ba. Gangar suna tana cewa ganga ta suna ce. Sunau ta fi faɗin gaskiya.

Malamin Larabci, Gwaram:
A raba gardama, Alhaji. A ce ganga mai zaman suna. Shi ne abin da muke nufi da mahalli, kuma ya amsa ƙorafinka ba tare da sabuwar ƙira ba.

Ɗalibin kwaleji, Gumel:
Ya yi tsawo, Malam. A takarda ɗaya zai fito sau ashirin.

Malamar Turanci, Taura:
Ga abin da zan yi. A kan takarda: Noun clause, gangar suna. Layin farko: ita ce ganga dogarau mai zaman suna a cikin jimla. Daga nan gangar suna har ƙasa. Misalan Malam na Dambatta guda biyar, gwajin "da" da "cewa" tare da gargaɗinsa, sannan da manyan baƙaƙe: a jarrabawa da Turanci za a rubuta sunan da aikin. Misali na biyar, wanda ke fassara suna, ban sami kalmarsa ba tukuna.

Malamin Larabci, Gwaram:
Badali muke ce masa.

Malamin Hausa, Kafin Hausa:
Waɗanda ba su yi Islamiyya mai zurfi ba ba za su gane badali ba. Ki rubuta "mai fassara sunan da ya gabace ta", ki sa in apposition to the noun "news" a gefe. A bar neman kalmarsa zuwa wani zaman.

Tsohon hedimasta, Babura:
Ki buga, 'yata, tunda lokaci ya ƙure miki. Layin nan na "mai zaman suna" kada ki cire shi, shi ne ya rage ɓarnar. Amma ni a wurina sunau ce, kuma ita zan ci gaba da koya wa masu zuwa lesin gidana.