Waɗanda suka taɓa zuwa Granada, ku ba mu labari

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Maigidana zai halarci taro a Madrid ta ƙasar Sifen a watan Afrilu, an kuma ba ni biza tare da shi. Muna da kwana uku na sararawa, shi ya nace sai Granada, wai sai ya ga Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmin garin, da idonsa. Waɗanda suka je, me ya kamata mu gani, me za mu bari? Kuma ya batun abinci da sallah?

Abban Sadik: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki ɗinka akwati, ku sayi tikitin Alhambra ta intanet tun yanzu. Tikitin da suna yake fita, kuma sai kun nuna fasfo a ƙofa. Abin da mutane ba su ganewa shi ne lokacin da aka buga a jikinsa na shiga fadojin sarakunan Banu Nasr ne kawai, can ne kuma zuciyar wurin. In lokacin ya wuce, ya wuce. A gabana wasu iyali suka iso a makare, har da tsohuwa, mai gadin ya yi ta ba su haƙuri amma bai ɗaga igiya ba. Daga babbar ƙofa zuwa fadojin ma tafiya ce, ku ba kanku rabin awa.

Bazazzagiya: Gaskiyar Abban Sadik. Ni kuma abin da zan ce, Yaya, kada ki bari mai yi muku jagora ya kora ku kamar garke. Wurin na karatu ne. Duk bangon da kika duba rubutu ne, an sassaƙa shi a farar ƙasa, kuma wanda ya yi makarantar allo zai iya bin wasu. Wanda ya fi yawa shi ne taken gidan sarautar, "Wa la galiba illallah". Yana saman ƙofa, yana jikin ginshiƙi, yana zagaye da taga. Na tsaya ina karantawa a hankali, wata Baturiya ta matso ta tambaye ni me aka ce, nan take na tara 'yan kallo. Farfajiyar zakuna ita ce kowa ke ɗauka a hoto, zakuna 12 na dutse ɗauke da kwatarnin ruwa, aikin zamanin Sarki Muhammad na Biyar a ƙarni na 14. Amma ni ɗakin da ke gefenta ya fi tafiya da ni. Ki ɗaga kai ki ga rufin, kamar saƙar zuma aka kife. Wuyana har ciwo ya yi. Sai lambun Generalife, inda ruwa ke gudu ko'ina, daga kogin Darro suka janyo shi ta magudana har bisa tudu. Ginin Sarki Carlos na Sifen da aka dasa a tsakiyar wurin bayan Kiristoci sun ci garin, ki leƙa ki wuce, bai dace da maƙwabtansa ba ko kaɗan.

Malam Na-Ƙofar-Mata: Hajiya, ki gaya wa Alhaji ba baƙon wuri zai je ba. Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu ke kafa hujja da ita, mai ita Ibn Asim alƙalin Granada ne, Malikiyya irin tamu. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da ya ambaci Kano da Katsina da Gobir da Zazzau a littafinsa, a garin aka haife shi. Abu Ishaƙ al-Sahili da ya biyo Mansa Musa daga aikin hajji ya zauna Timbuktu, shi ma ɗan garin ne. Da na je, abin da na nema shi ne madarasar da Sarki Yusuf na Ɗaya ya gina a 1349. Ɗakin sallarta da mihrabinsa suna nan. Tana fuskantar majami'ar da aka binne Ferdinand da Isabella, sarakunan Kirista waɗanda suka karɓi garin a watan Janairun 1492. Taku kaɗan ne tsakaninsu. Na jima a wannan lungun ban ce komai ba.

Maman Ilham: Allah Ya saka da alheri Malam, wannan zai yi masa daɗi. Sallah fa? Ana bari a yi a cikin Alhambra?

Abban Sadik: A'a, wurin tarihi ne yanzu. Masallacin Juma'a yana unguwar Albaicín, tudun da ke kallon Alhambra, an buɗe shi a 2003. Yana manne da dandalin San Nicolás inda jama'a ke cincirindo da yamma don kallon faɗuwar rana. Sirrin shi ne, lambun masallacin yana da irin wannan kallon, ba turereniya ba masu kaɗa garaya a kunnenki. Alhambra a gabanki, dusar ƙanƙara a kan duwatsun Sierra Nevada a bayanta, a Afrilu ma za ku same ta.

Hajiya Uwani: Ƙanwata, su suna ta tarihi, ni bari in yi miki maganar ƙafa da ciki. Albaicín hawa ne, titunan kuma duwatsu ne aka jera, masu santsi. Ki ajiye takalmi mai tsini a gida. Ni gwiwata ba ta da lafiya, ƙananan jajayen bas nake shiga daga Plaza Nueva su haura da ni, in sauko da ƙafa a hankali. Abinci kuwa ki buɗe ido. Al'adar garin in kin sayi abin sha, ko lemo ne, sai a haɗo miki ɗan abin taɓawa kyauta, kuma sau da yawa naman alade ne a kai. Kalmomi biyu za ki riƙe, jamón da cerdo, kin ji su ki ce a'a. Mu a titin Calderería Nueva muka yada zango, 'yan Maroko ne suka cika shi da shagunan shayi da gidajen abinci na halal, kuskus da tajin da shayin na'ana'a. Yaji dai babu, ki ƙullo naki. Kuma mutanen nan ba sa cin abincin dare sai wajen tara, da rana kuma ƙananan shaguna da yawa rufewa suke yi.

Sai matan da ke tsayawa kusa da babbar majami'a suna miƙa wa mutum ɗan reshen ganye. Kada ki karɓa. Kina karɓa za ta kama tafin hannunki wai duba za ta yi miki, daga nan sai kuɗi.

Ɗan Maraɗi: Ni ina da ja. Kwana uku a Granada kaɗai ɓarna ce. Ku ware yini guda ku hau jirgin ƙasa zuwa Kurɗuba, ku ga masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya fara a wajen 785. Dajin ginshiƙai da bakuna ja da fari, ba na jin akwai irinsa. Sai dai ku sani majami'a ce tun 1236, ba a yarda Musulmi ya yi sallah a ciki ba, masu gadi na lura. Ku yi sallarku kafin ku shiga.

Bazazzagiya: Ɗan Maraɗi, da ƙafar wa? Alhambra kaɗai sai ta cinye musu yini, washegari ƙafa ta kumbura. Ai jirgin Madrid ta Kurɗuba yake bi. Su sauka can a hanyar komawa, su yi awa huɗu, su hau na gaba.

Ɗan Maraɗi: Na sallama, dabararki ta fi. Su dai yanki tikiti biyu daban, su kuma tanadi inda za su ajiye akwati, don ba a shiga masallacin da manyan kaya.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Mun samu tikitin ƙarfe goma na safe. Hajiya Uwani, yajin nan, a jakar hannu kika sa shi ko a babban akwati?