Shawarwari ga masu zuwa gandun dajin Benuwe na ƙasar Kamaru

A hirar da matasan garin Garwa na arewacin Kamaru suka yi da direbobi da wani tsohon mai gadin daji, maganar wuta ce ta fi ɗaukar lokaci, kuma ta cancanta. Da rani ake shiga gandun Benuwe, lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau, ga iskar hunturu. Guntun taba ko garwashin shayi ya isa ya cinye daji. Dattijon ya ce a kwarara wa murhu ruwa, a tona tokar a tabbatar ta huce kafin a tashi.

Ledar ruwa da robobi kuwa, kowa ya komo da nasa gida. Kada a jefa wa birai abinci, domin suna sabawa su riƙa tare hanya. A bakin kogi, kada mutum ya shiga tsakanin dorina da ruwa. A nan ne take kai hari.

Direbobi sun yarda kada mota ta bar hanyar da aka shata, kuma a tafi tare da ɗan jagora. An ɗan yi gardama kan naman daji. Ni ina tare da masu cewa kada a saya, domin ciniki ne ke mayar da mafarauci cikin gandu.