Sandika a kamfanin ambulans: muhawarar zauren unguwarmu a Garwa

Sani: Salamu alaikum. Mu ma'aikatan kamfanin ambulans da nake wa tuƙi mun fara shawarar kafa sandika, wato ƙungiyar ƙwadago. Jiya bayan isha'i Kawu Bello ya ce min mai ɗaukar mara lafiya ba shi da hurumin shiga ƙungiyar ƙwadago, wai ranar da ya ajiye makulli rai ne zai salwanta. Na ce bari in kawo nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Kawu Bello: Na faɗa, kuma ban janye ba. Shekara 28 na yi ina jan tirela daga Ngaundare zuwa Kusiri. Mu in mun yi yaji, siminti da shinkafa ne ke kwana a hanya. Ku kuwa mai naƙuda ce za ta kwana. Ɗana, aikinku rabi neman abinci ne, rabi neman lada.

Hajiya Asabe: Kawu, da girmanka, ni da nake zama a bayan motar zan ba ka labari. Watan jiya mun kai wata mai jijjigar haihuwa Marwa, kilomita wajen 200, muka juyo cikin dare. Ko takalmi direban bai cire ba aka ce ga wani a kai Ngaundare. Da muka fara hawan dutsen nan kafin shiga gari, ina riƙe da ledar ƙarin ruwa da hannu ɗaya, ɗayan kuma ina dukan gilashin da ke tsakaninmu, don na ga kansa yana rinjaya. Goro biyu ya cinye, idon nan jawur. To ran wa ake karewa a nan?

Kawu Bello: Wannan sai a je a sami mai kamfani cikin ladabi.

Sani: Sau uku muka je, Kawu. Kullum "sai an ga yadda wata zai ƙare".

Malam Idi: Ku bar ni in shigo, na yi delege, wato wakilin ma'aikata, shekara shida kafin in yi ritaya. Kawu, kana haɗa sandika da yaji kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai, alhali dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta 1992 ta raba su. Ta ba ma'aikata damar kafa ƙungiya, a nemi rajista da sa hannun mutum 20. Yaji kuwa ba ya halatta sai an zauna sulhu gaban inspektan aiki an kasa, an je gaban masu yanke hukunci nan ma an kasa. Kafin a kai can takalmi ya ƙare. Yawancin aikin, wallahi, takarda ce: awa 40 a mako, abin da ya haura a biya shi daban, a sa sunanka a CNPS, asusun fansho da inshorar ma'aikata. Sani, nawa kake ɗauka?

Sani: Jaka 50. Sai ɗan na abinci in tafiya ta yi nisa.

Malam Idi: Tun Maris 2023 mafi ƙanƙantar albashi a irin aikinku sefa 60,000 ne. Ba alfarma za ku roƙa ba, bashi kuke bi.

Alhaji Mudi: Malam, faɗa da baki ba wuya. Ni ba ambulans gare ni ba, amma ina biyan yara albashi, na san zafin ƙarshen wata. Tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a 2023 ko zuwa-zuwan, wato fetur ɗin bakin hanya, ya daina araha. Ga taya, ga hanyar Mora zuwa Kusiri da ke cin mota ɗanya. Sannan a kai mara lafiya, Allah ya yi masa rasuwa, wa ke da fuskar bin dangi kuɗin mota ranar sadakar uku? Ku matsa wa mutumin nan ya sayar da motocin, mu koma ɗaukar marasa lafiya a kan babur.

Hajiya Asabe: Alhaji, in asara yake yi ya buɗe littafi mu gani. Ba mu ƙi a yi haƙuri tare ba. Abin da muka ƙi shi ne haƙurin ya zama namu mu kaɗai.

Ɗanlami: Ni tsorona daban ne. A 2017 likitoci suka yi yaji, ministan lafiya ya ce ƙungiyarsu ba ta kan ƙa'ida, aka watsa shugabanninsu asibitocin ƙauye. Likitoci fa! Yaya Sani da ko kontara ba shi da ita a rubuce, ai da saƙon waya za a sallame shi.

Malam Idi: Wannan ita ce magana, ba ta Kawu ba. Shi ya sa nake cewa kada ku fara da sandika. Ku fara da zaɓen delege. Duk wurin da ke da ma'aikata 20 wajibi ne a yi shi, kuma delege ba ya koruwa sai da izinin inspekta. In kun sami wannan inuwar, sai ku nemi direbobin sauran asibitocin kuɗi ku cika 20 ɗin rajista. Ku nawa ne?

Sani: Da nas-nas da masu gadi mu 23 ne. Amma shida ana ce musu 'yan wucin gadi. Ɗaya shekararsa huɗu yana wucin gadin.

Malam Idi: Ka ga inda gizo ke saƙar. 17 a takarda. Ba a banza aka tsaya nan ba. Ku tattara duk shaidar biyan su, ko ta waya ce, ka kawo min gida ranar Asabar.

Kawu Bello: Ni dai a rubuta min cewa ko sama da ƙasa za su haɗe, mota ɗaya ba za ta tsaya ba.

Hajiya Asabe: Wannan ni zan fara sa hannu, Kawu. Kai ma ka yarda direba biyu a tafiyar dare?

Kawu Bello: Wannan ai hankali ne, ba sandika ba.

Sani: Ku yi haƙuri, an kira ni. Haɗari a hanyar Gidar.

Kawu Bello: Yaushe ka dawo daga Marwa?

Sani: Da asuba.

Kawu Bello: Biyo ta ƙofar gidana, ina da goro. Kuma ka bar wayarka a kunne, zan riƙa kiranka har ka isa.