Ɗalibaina suna rubutu amma baki ya ƙi buɗewa: in sayi sifika ko in raba su rukuni?

Malamar Ɗorayi:
Assalamu alaikum malamai. Turanci nake koyarwa a JSS2, makarantar 'yan mata ta gwamnati. Ajin ya haura mutum 80, darasi minti 40. In rubutu ne suna yi, amma in na ce wata ta miƙe ta faɗi jimla biyu sai ta ja hijabi ta sunkuyar da kai, sauran su kwashe da dariya. Abin yana damuna ƙwarai. Na ɗan tara kuɗi: in sayi ƙaramar sifika mai makirfo mu riƙa muhawara duk Alhamis, ko in bar kuɗina in raba su rukuni-rukuni? Bencinmu haɗe yake da tebur, ba ya juyuwa, kuma ba mu da wuta. Wanda ya taɓa gwadawa a aji mai cika haka ya taimaka.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Malama majigi za ki nema ki riƙa haska musu bidiyon Turawa suna hira, kunne shi ke koya wa baki.

Malamar Ɗorayi:
Malam ai na ce ba wuta.

Uwar Biyu:
'Yar'uwa, muhawara mutum shida ke yi, sauran kallo ne nasu, kuma shidan nan dama masu baki ne. Ni a Gwale ba na tayar da kowa. 'Yan bencin gaba su waiwayo su fuskanci na bayansu, shi ke nan an yi rukuni. Sai in ba su abin da suka sani: ɗaya mai atamfa a Kantin Kwari, ɗaya mai saye, ko mai Adaidaita Sahu da fasinja suna ciniki daga Kabuga zuwa Bata. Su fara da Hausa minti biyu, in tafa, su maimaita da Turanci. Kada ki gyara kuskure suna cikin magana, ki riƙe a takarda, a ƙarshe ki rubuta a allo ba tare da kama suna ba. Kunyar ta miƙewa ce a gaban jama'a.

Malam Na Kurna:
Hajiya kin faɗi gaskiya, amma ni wannan rukunin ne ya raba ni da aiki. Makarantar kuɗi nake a lokacin. Na sa yara ciniki da tatsuniya da ɗan wasan kwaikwayo, yaron da ko gaisuwa ba ya iyawa ya fara ba da labarin Gizo da Ƙoƙi da Turanci. Ran nan mai makaranta ya leƙo ya ji hayaniya, a gaban yara ya ce min nan aji ne ko kasuwar Rimi. Bayan sati wani uba ya zo da littafin ɗansa, wai shafi uku kawai aka rubuta, me ake yi da kuɗinsa. Aka zaftare min albashi. Ranar bikin ba da kyaututtuka yarana ne suka yi muhawarar da iyaye suka miƙe suna tafi, amma ƙanin mai makaranta aka kira aka yi wa godiya. Hutun dogon zango na zuwa aka ce kada in dawo, don kar a biya ni kuɗin Agusta. Wallahi har yau in na tuna yaran nan zuciyata sai ta yi nauyi.

Baban Yara:
Allah Ya bi maka hakkinka Malam. Malama sifikar dubu 15 na sayi tawa a Sabon Gari.

Ɗan Fagge:
Yaushe rabonka da kasuwa? Satin jiya a titin Beirut dubu 28 aka ce min, ba ragi.

Baban Yara:
Ganin ka da babbar riga suka yi.

Malamin Hotoro:
Ta dubu 15 ɗin batirinta ba ya kai wata biyu. Malama, ki fita daga ajin minti ɗaya ki laɓe a taga, za ki ji masu baki sun fi tashar Unguwa Uku.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, ki bi a hankali. Mu da muka fito daga Grade II, wato tsohuwar kwalejin horar da malamai, karatu a bayyane da hadda muka sani, kuma yaranmu sun yi Turanci. Sannan jarrabawar furuci ta WAEC a takarda ake yin ta, zaɓi ake yi da fensir, ba wanda zai ce yaro ya buɗe baki. Ki kula da manhajarki kada sufeto ya zo ya tarar kina baya.

Sabon Malami:
Baba a gafarce ni, a BUK an koya mana yaro da yi yake koyon harshe. Rashin yin ne ya sa ake cin WAEC a zo intabiyu a kasa faɗin suna.

Malam Na Kurna:
Kai yaro, ka taɓa tsayawa gaban mutum 80 da rana tsaka? Ka gama hidimar ƙasa tukuna.

Uwar Biyu:
A'a Malam, maganarsa tana kan hanya. Shi ma Baba zamaninsu aji nawa ne, mutum 30?

Maman 'Yan Makaranta:
Ni uwa ce, ba malama ba. Ku fara hana tarar yin Hausa. 'Yata monita ta rubuta sunanta don ta ce a ara mata biro, aka karɓi naira 100 aka ƙara da bulala. Tun daga ranar ba ta Hausa ba ta Turanci, shiru take wuni.

Baban Yara:
Kuɗin tarar nan wai ina suke shiga? Namu an ce na alli ne, ga kuɗin PTA muna biya.

Malam Na Kurna:
Inda kuɗin Agustana suka shiga.

Malamar Ɗorayi:
Hajiya ta Gwale, 'yan bencin ƙarshe su waiwayi wa, bango ne bayansu.

Baban Yara:
Ku bari mu gama maganar PTA ɗin nan, mu dubu 2 aka ce wannan zangon, ku fa?